Yaran Terman: Sharhi a kan Yadda Aka Zaɓe Su

A shekara ta 1921 wani malami a jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, mai suna Lewis Terman, ya aiki ma'aikatansa cikin makarantun gwamnati su nemo masa yaran da suka fi sauran basira. Nufinsa shi ne ya rubuta sunayensu, ya auna su ta kowace fuska, sa'an nan ya bi sawunsu har su girma, domin a ga abin da yaro mai baiwa yakan zama. A ƙarshe ya tara yara 1,528, maza 856, mata 672. Littafi na fari a kan wannan aiki ya fito a 1925 da sunan Genetic Studies of Genius, wato nazarin asalin hazaƙa da girmanta. Na biyar ya fito a 1959, shekara uku bayan rasuwar Terman. Almajiransa kuwa suka ci gaba da aika wa mutanen nan takardun tambayoyi har tsufansu, saboda haka binciken yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a duniya.

Duk malamin da aka taɓa ce wa ya ba da sunan yaro ɗaya ko biyu daga ajinsa, domin a ba su tallafin karatu ko a kai su wata makaranta ta musamman, yana da rabo cikin labarin littattafan nan. Gama daga gare su ne makarantu da yawa suka gaji hanyar neman masu baiwa, suka kuma gaji aibinta. Aibin kuwa yana nan a fili cikin littafi na fari, Terman da kansa ya gan shi, ya rubuta shi, ya wuce.

Gwajin da ya yi aiki da shi ba nasa ba ne tun asali. Wani Bafaranshe, Alfred Binet, tare da abokin aikinsa Théodore Simon, su suka shirya shi a birnin Faris a 1905, domin a gane yaran da karatu yake yi wa wuya a taimake su. Binet bai yarda cewa basira wani mudu ne da aka auna wa mutum tun haihuwa ba, wanda ba ya ƙaruwa. Terman ya ɗauki gwajin, ya gyara shi domin yaran Amurka, ya fitar da shi a 1916 da sunan Stanford-Binet, amma ya bar tunanin Binet a baya. A wurinsa makin da yaro ya samu yana nuna abin da ya gada a jini. Lissafin makin ba shi da wuya. Idan yaro ɗan shekara 10 ya amsa tambayoyin da yawanci sai ɗan shekara 14 yake iya amsawa, sai a raba 14 da 10, a ninka sau 100, a sami 140. Wannan shi ne makin da Turawa suke kira da haruffa biyu, IQ. Maki 100 shi ne na yaro matsakaici. Terman ya sa iyakarsa a wajen 140.

Ya kamata a ba littattafan haƙƙinsu. A zamanin nan mutane da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka yaro mai kaifin hankali raunanne ne, marar lafiya, marar abokai, wanda zai nuna da wuri ya ruɓe da wuri. Terman ya auna tsawon yaran da nauyinsu, ya sa likitoci suka duba su, ya tambayi iyaye littattafai nawa ne a gidan, da irin wasan da yaro yake so. Ya nuna cewa yaran nasa lafiyayyu ne, suna da abokai, da suka girma kuma yawancinsu sun yi karatu mai zurfi, sun sami aiki mai kyau. Daga cikinsu aka sami Ancel Keys, masanin abinci da ciwon zuciya, da Lee Cronbach da Robert Sears, waɗanda suka zama manyan masana halin ɗan Adam. Haƙurin da aka yi wajen tara labarin mutum fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, shekara da shekaru, abin yabo ne. Ba don littattafan nan ba, da makarantu sun daɗe ba su yarda cewa yaron da ya riga ajinsa nisa shi ma yana bukatar kulawa ba.

Amma mai karatu ya duba yadda aka sami yaran. Gwajin Stanford-Binet ba a yi wa aji duka gaba ɗaya. Mai gwaji yakan zauna da yaro ɗaya, ya yi ta yi masa tambayoyi kusan sa'a guda. Terman ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su yi wa kowane yaro haka. Sai ya nemi gajeriyar hanya. A manyan biranen Kalifoniya, kamar Los Anjelas da San Faransisko da Oakland, aka ba kowane malamin aji takarda ya rubuta sunan yaron da yake gani ya fi kowa basira, da na biyu, da na uku, da kuma wanda ya fi kowa ƙanƙanta a shekaru. Waɗannan ne aka yi wa gwajin farko a rubuce, waɗanda suka yi fice kuma aka zauna da su ɗaya ɗaya. Yaron da malami bai rubuta sunansa ba, wanda kuma ba shi ne ƙaramin aji ba, galibi ba wanda ya tambaye shi kome. Bai faɗi gwaji ba, gama ba a yi masa ba.

Abin mamakin yana cikin abin da lissafin ya nuna daga baya. Da Terman ya duba waɗanda suka kai iyakar makin, sai ya tarar yaran da aka kawo domin ƙarancin shekarunsu sun fi cin gwajin bisa ga waɗanda malamai suka ce su ne na ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a lokacin akan tsallakar da yaro mai saurin fahimta zuwa aji na gaba, saboda haka ƙaramin aji sau da yawa shi ne wanda ya riga tsaransa. Terman ya faɗa a fili cewa mai neman yaron da ya fi basira a aji gara ya buɗe rajista ya duba ranar haihuwa da ya tambayi malami. Wannan magana ce mai nauyi. Mutumin da ya gane cewa idon malami yana kuskure haka, ya kamata ya tsaya ya yi tambaya: su wane ne idon nan yake tsallakewa, kuma irin su ɗaya ne a kowane aji? Littafin bai bi wannan tambaya yadda ta cancanta ba. Ya ambaci rauni a hanyar zaɓen, sa'an nan ya ci gaba da magana a kan yaran kamar su ne hoton dukan masu baiwa.

Malami ba mugu ba ne don ya yi wannan kuskure. Mutum ne mai yara talatin ko hamsin a gabansa. Wanda yakan shiga idonsa shi ne mai ɗaga hannu, mai tsabtar riga, mai rubutu mai kyau, mai magana da irin harshen da malamin yake magana da shi a gidansa. Yaro mai kunya, ko wanda ya zo da yunwa, ko wanda aikin aji ya yi masa sauƙi har ya gundure shi ya koma fitina, da wuya a tuna da shi sa'ad da aka ce a rubuta suna uku.

To, su wane ne suka fito daga wannan rariya? Kusan dukansu fararen fata ne 'yan birni. Kusan kashi ɗaya cikin uku iyayensu maza likitoci ne, ko lauyoyi, ko malamai, ko masu aiki irin wannan, alhali kuwa irin waɗannan mutane kaɗan ne ƙwarai cikin jama'ar biranen. 'Ya'yan lebura ba su taka kara sun karya ba. Baƙaƙen fata biyu ne kaɗai cikin yara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Terman ya dubi wannan ya karanta shi yadda zuciyarsa take so, wato barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ganinsa manyan mutane sun zama manya domin suna da basira, 'ya'yansu kuma sun gada. Bai ba sauran bayanin wurin da ya dace ba: cewa gidan likita yana da littattafai da abinci da hira irin ta makaranta, cewa tambayoyin gwajin daga rayuwar irin wannan gida aka ɗebo su, cewa kuma malamin da ya rubuta sunayen ya riga ya san ɗan wane ne kowane yaro.

Ba a kuwa iya cewa ya zo aikin da zuciya fara. Tun cikin littafinsa na 1916 ya rubuta cewa ƙarancin basira ya yi yawa cikin iyalan Indiyawan Amurka da mutanen Meksiko da baƙaƙen fata, ya ce a ganinsa abin na jinsi ne, ya ba da shawara a ware 'ya'yansu a azuzuwa dabam a koya musu aikin hannu. Yana kuma cikin masu goyon bayan a hana waɗanda aka ce raunanan hankali ne haihuwa. Mutumin da ya riga ya gaskata haka ba zai yi mamaki ba idan rariyarsa ta fito masa da fararen fata zalla. Rashin mamakin nan shi ne babban laifin littafin.

Amsa ta zo tun Terman yana da rai. Wani baƙar fata mai suna Martin Jenkins, yana karatun digirinsa na ƙarshe a jami'ar Northwestern a ƙarƙashin Paul Witty, ya shiga makarantu bakwai na unguwannin baƙaƙen fata a birnin Shikago, masu yara fiye da 8,000. Ya bi hanya kusan irin ta Terman, da gwajin Terman. Ya sami yara fiye da ɗari masu maki 120 ko fiye, har da wata yarinya 'yar shekara tara da ta sami 200, makin da ko cikin yaran Terman da wuya a sami mai shi. A 1935 shi da Witty suka buga labarinta ba tare da sunanta ba. Jenkins bai ƙirƙiro sabon gwaji ba. Ya kai tsohon ne inda ba a saba kai shi ba.

Akwai wani suka da aka fi yayatawa a kan binciken, wanda bai kai na sama ƙarfi ba. An gwada yara biyu a Kalifoniya a lokacin, ba su kai iyakar makin ba, aka bar su. Ɗaya William Shockley ne, wanda ya sami lambar Nobel a 1956 saboda aikin da ya haifi tiransisto, abin da rediyo da kwamfuta suke aiki da shi. Ɗayan Luis Alvarez ne, wanda ya sami tasa a 1968. Cikin waɗanda aka zaɓa kuwa ba wanda ya same ta. Labarin yana da daɗin faɗa, amma hujjarsa ƙarama ce. Masu samun Nobel kaɗan ne ƙwarai, har ba gwajin yara da za a sa ran zai kama su. Ban da haka Shockley da Alvarez ba su yi asarar kome ba. Uban ɗaya injiniya ne, uban ɗayan likita, sun kuwa yi jami'a kamar yadda aka sa rai. (Shockley ma daga baya ya zama mai shelar cewa baƙaƙen fata ba su kai farare basira ba, yana kafa hujja da irin gwajin da ya ƙi shi.) Wanda ya yi asara shi ne ɗan mai tsinkar lemo a gona wanda ba a ko zauna da shi ba, ba kuwa wanda ya san sunansa balle a ba da labarinsa.

Wani rauni kuma shi ne, Terman bai iya tsayawa gefe ya yi kallo ba. Ya ƙaunaci yaran nan, yana kiransu nasa. Ya rubuta musu wasiƙun shaida wurin neman aiki, ya ba su shawara, ya taimaki waɗansu suka shiga Stanford. Halin kirki ne ga mutum, amma ya ɓata ma'auni. Idan an zaɓi yaro, aka gaya masa shi na musamman ne, aka buɗe masa ƙofofi, sa'an nan ya yi nasara, ba a iya rarrabe rabon baiwarsa da rabon ƙofofin. A 1956 masanin zamantakewa Pitirim Sorokin ya yi gardama cewa da an ɗebi yara haka kawai daga gidaje masu irin wannan hali, ba tare da wani gwaji ba, da abin da za su zama bai bambanta sosai ba. Littattafan ma sun ba da shaida a kan kansu. Sa'ad da aka ware mazan da suka fi cin nasara a rayuwa da waɗanda suka fi komawa baya, aka gwama su, sai aka ga makinsu na yarinta bai yi nisa da juna ba. Inda suka rabu shi ne naciya, da amincewa da kai, da irin gidan da suka fito, musamman ilimin iyaye. Matan kuwa, masu maki daidai da na mazan, da yawa daga cikinsu zamanin bai ba su wurin aiki da baiwarsu a waje da gida ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsohon zance ne na shekara ɗari. Amma hanyar ta daɗe bayan mai ita. A 2016 Jason Grissom da Christopher Redding na jami'ar Vanderbilt suka bincika bayanan yaran firamare na ƙasar Amurka. Suka tarar cewa idan yara biyu suna da maki ɗaya a karatu da lissafi, baƙar fatan ya fi fuskantar a bar shi a baya wajen shiga ajin masu baiwa, sai dai idan malamin ajinsa shi ma baƙar fata ne, sa'an nan ratar takan ragu ƙwarai.

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga gundumar Broward a jihar Fulorida. Kafin 2005, yaro ba ya zuwa gaban mai gwajin basira a can sai malami ko iyaye sun nema masa, masu hali ma sukan biya mai gwaji na kansu. A 2005 hukumar makarantun gundumar ta sa kowane yaro na aji biyu ya yi wani ɗan gajeren gwaji na siffofi da zane, marar kalmomi. Duk wanda ya yi fice, sai a aika da shi wurin cikakken gwaji, ko malaminsa ya lura da shi ko bai lura ba. Ba a taɓa iyakar makin ba. Dokar jihar ta riga ta sa 130 ga yawancin yara, gundumar kuma tana da 116 ga 'ya'yan matalauta da waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Haka yake kafin 2005, haka kuma ya zauna bayanta. Abin da aka sāke kaɗai shi ne wanda yake isa wurin gwajin. David Card, wanda daga baya ya sami Nobel ta tattalin arziki a 2021, da Laura Giuliano, suka bi lissafin suka buga shi a 2016. Yawan yaran iyalai masu jin Sifaniyanci da aka gane masu baiwa ne ya ninka fiye da biyu. Na baƙaƙen fata ya ƙaru da wajen kashi uku cikin huɗu. Da yawa cikin sababbin yaran kuma ba da ƙyar suka haye ba, makinsu ya wuce iyaka da nisa. Suna nan zaune a aji tun dā, ba wanda ya rubuta sunansu.

Wannan shi ne gwajin da littafin 1925 ya kamata ya sa a yi. Duk da haka kada a ɗauka cewa jarrabawa ita kaɗai ta isa adalci. Birnin Niyu Yok ya gwada. Daga 2008 ya mai da shiga ajin masu baiwa bisa ga jarrabawa guda da ake yi wa yara 'yan shekara huɗu, domin a kawar da son kai. Amma sai iyaye sun rubuta sunan ɗansu yake yin ta, masu kuɗi kuma suka riƙa biyan masu horar da yara dominta. Aka wayi gari baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci, waɗanda su ne mafi yawan 'yan makarantar birnin, su ne 'yan kaɗan a azuzuwan. A 2021 aka daina jarrabawar. An kawar da malami daga bakin ƙofa, aka sa uba mai sani da aljihu a madadinsa.

Gwajin siffofi marar kalmomi ma ba tsarkakakke ba ne daga al'ada, ko da yake masu sayar da shi sukan so a ɗauka haka. A 1979 Robert Serpell ya ba yaran Zambiya da yaran Ingila siffofi iri ɗaya su kwaikwaya. Da aka ba da fensir da takarda, yaran Ingila suka fi. Da aka ba da waya a lanƙwasa, yaran Zambiya suka fi, gama sun saba ƙera motocin wasa da waya, kamar yadda yara suke yi a Maraɗi ko Garwa. Da aka ba da yumɓu, wanda dukansu suka sani, sai suka yi kunnen doki. A yankin Embu na ƙasar Kenya kuma, masu bincike sun gwada yaran ƙauye da gwajin siffofi a 1984, suka sāke gwada na bayansu a 1998, suka tarar makin ya hau ƙwarai cikin shekara 14. Jinin mutanen Embu bai sāke ba cikin shekara 14. Abin da ya sāke shi ne abinci, da lafiya, da karatun iyaye. Ma'aunin da yake hawa da sauka tare da tukunyar gida, ba daidai ba ne a karanta shi kamar hukunci a kan abin da yaro zai iya har abada.

Nan ne zancen ya shafi makarantun ƙasashen da ake jin Hausa. Lissafin Terman yana tsaye a kan sanin shekarun yaro daidai. Yaron nan da aka ce ɗan shekara 10 ne ya sami 140, idan ashe shekararsa 11, makinsa 127 ne, ya fita daga lissafi ke nan. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sāke hanyar lissafin, amma har yanzu da tsaransa ake gwama yaro. A inda yara da yawa ba a rubuta haihuwarsu ba, sai daga baya alƙali ya ba da takarda mai cewa an haife shi wajen shekara kaza, wani lokaci ma a rage shekarun domin ya sami shiga makaranta, wannan ma'auni yana tangaɗi tun kafin a fara. Ga kuma harshe. Yaron da yake jin Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci a gida, aka yi masa tambaya da Faransanci a Nijar ko Cadi ko Kamaru, ko da Turanci a Gana, abu biyu ake aunawa a lokaci ɗaya, ba a kuwa san wanne ne ya kayar da shi ba. Ɗan ma'aikaci wanda ake Faransanci a gidansu ya riga ya ci rabin jarrabawar a kan tabarmar cin abinci.

Makarantar da ba ta da mai gwajin basira ko ɗaya, za ta iya ɗaukar abin da ya fi muhimmanci daga labarin Broward, gama ba gwajin ne ya yi aikin ba kamar yadda aka ba kowa shi. Idan akwai gurbi biyu na tallafi, aji duka ya zauna, ba waɗanda malami ko shugaban makaranta ko wani dattijo ya nuna kaɗai ba. A ɓoye sunaye a kan takardu kafin a duba su. A bayyana tambayar da harshen da yaron yake ji, in dai ba harshen ake gwadawa ba. A gwama yaron ƙauye da waɗanda suka sami irin malamai da littattafan da ya samu, gama wanda ya yi na ɗaya a makarantar da ba benci ya nuna wani abu, ko da makinsa bai kai na ɗan birni ba. Kada kuma a rufe ƙofa da zama ɗaya. Yaron da zazzaɓi ya kama ran jarrabawa, ko wanda hankalinsa bai buɗe ba sai a aji biyar, a sāke ba shi dama. Maganar malami tana da amfani ƙwarai, domin yakan ga naciya da son sani waɗanda takarda ba ta nunawa, su ne kuwa abubuwan da suka raba mazan Terman. Sai dai a karɓe ta wajen ƙara suna a kan waɗanda gwaji ya fitar, kada a ba ta ikon hana yaro zama.

Wannan hanya tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa Terman ya guje ta a 1921. A Broward ma haka ta ƙare. Yaran da gwajin farko ya fitar sun yi yawa, masu cikakken gwaji suna aiki bayan lokacin tashi, ana biyansu ƙari. Daga 2007 kuɗi ya fara ƙaranci, aka yanke wannan biya, bayan 'yan shekaru kuma aka dakatar da gwada kowa da kowa. Card da Giuliano sun bi lissafin har wannan lokaci, suka ga yawan 'ya'yan matalauta da baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci da ake ganewa ya koma inda yake kafin 2005.